Yadda Za Ka Gaji Bindigar Surukinka Cikin Kwana Shida

Idan ka bi matakan nan takwas, ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari bindigar surukinka za ta kwana a gidanka. Ba cika baki ba ne. An gwada hanyar a gonarmu da ke bayan Carnarvon, a Afirka ta Kudu, a kan mutum mai rai, mijin yayata Tertius, wanda ke sayar da inshorar motoci a Bloemfontein, kuma kafin wannan makon bai taɓa narka komai ba sai man shanu a kan burodi. Gara in faɗa tun yanzu, ni ban taɓa riƙe ludayin dalma ba. Amma na karanta littattafai uku a kai, kuma tagar ɗakina tana kallon rumfar Pa, wato babanmu.

Mataki na 1: Ka yi aure a gidan da ɗansu ya gudu

Nemi gida mai tsohuwar bindiga, da tsohon mutum, da ɗa namiji tilo wanda ya tattara ya koma Ostiraliya. Rabin aikin, ɗan ne zai yi maka.

A gidanmu sunan bindigar Tsohuwa. Ta kakan Pa ce, irin mai cin harsashi ɗaya ta huta. Harsashinta ya kai kaurin babban yatsa, kuma ba ka samunsa a kantin garinmu, sai dai ka narka dalma ka zuba abinka. Shekara talatin Pa yana goge ta da sunan yayanmu Frikkie. Ranar Lahadi bayan coci, ana cin gasasshiyar cinyar rago, Frikkie ya kira daga Perth. Pa ya ajiye wayar a tsakiyar tebur don kowa ya ji, ya ce Asabar mai zuwa zai cika saba'in, lokaci ya yi da za a zo a karɓi amana.

"Haba Pa, ina zan kai ta?" in ji Frikkie. "Nan ko wuƙar burodi ka riƙe sai an kalle ka. A ba gidan tarihi mana."

Pa ya kashe wayar da ɗan yatsa ɗaya kamar mai murtsuke kaska. Ya bi tebur da kallo: Ma, yayata Rensia, ni, sai Tertius da romo a haɓa.

"Namijin da ya zuba harsashi uku da hannunsa," in ji Pa, "ya shafa musu mai da hannunsa, ya bugi faifan garmar da ke rataye bayan tafkin siminti daga taku ɗari biyu, ko sau ɗaya ne, ranar Asabar, Tsohuwa tasa ce."

A nan kada ka waiga neman wani namiji. Babu. Ajiye cokali, ka ce, "Pa, an gama." Kuma kada ka kalli matarka, wadda tun tana shekara goma take zuba wa mahaifinta harsasai a rumfar nan, har da tabon ƙuna uku a bayan hannu. Ba da ita ake ba. Namiji aka ce. Bar ta ta ci gaba da yanka namanta ƙanana-ƙanana, fiye da yadda haƙoran 'yar shekara talatin da biyu ke bukata.

Mataki na 2: Koyi baki kafin hannu

Da magana ake gane gwanin harsashi. Harsashi tafiya yake yi ba ya dawowa, magana kuwa tana nan ana maimaita ta.

Ranar Litinin sa gajeren wando da doguwar safa, ka tafi kantin manoma. Tsaya kusa da buhunan abincin tumaki. Duk ƙarfen da hannunka ya kai, ɗauka, ka jinjina shi a tafi, ka girgiza kai ka ce, "Ya yi tauri." Idan aka yi maka gardama, ka ce, "Ga irin aikina, ya yi laushi." Da kalmomin nan biyu wasu suka tsufa ana ce musu masana.

Abin da za ka guje wa shi ne maƙwabci irin Oom Gielie, wato Kawu Gielie, wanda gonarsa ke jingine da tamu, kuma labari ke isa kunnensa kafin ya gama faruwa.

"A'a, surukin Sarel mai inshora!" in ji shi, don Sarel ne sunan Pa. "An ce kai za ka auri Tsohuwa. Mata biyu a gida ɗaya, kai yaro, fasto ya sani?"

"Ɗan zubi ne kawai, Oom. Ba wani abu ba."

"Da wane mazubi?"

Tertius ya dubi rufin kanti. "Na... na gargajiya, Oom."

"Madalla. Ni ma gwiwata ta gargajiya ce. To ka yi wa girarka inshora?"

Yi dariya tare da su. Ba ka gane ba, amma za ka gane ranar Alhamis.

Mataki na 3: Nemo dalma, ka toshe kunne

Kowa zai ce maka akwai dalma a wajen masu gyaran taya, wato 'yan ƙarafan nan da ake maƙala wa a bakin ƙafar mota don kada ta yi rawa. Je ka ciko bokiti. Kada ka tambaya ko duk dalma ne. Masana ba sa tambaya.

Da Tertius ya dawo, Rensia ta leƙa bokitin, ta ɗauki guda ta jefa a kan siminti, ya yi ƙara kamar cokali.

"Rabinsu tutiya ne," in ji ta. "Na zamani ke nan. Ka danna kowanne da filaya. Wanda ya lotsa, ajiye. Wanda ya ƙi, zubar."

Ga jarrabawarka ta farko. Shawarar mace tana da wani mugun hali: sau da yawa daidai take. Idan ka karɓi ɗaya, ta biyu na tafe, kafin ka farga an san wanda ya iya aiki a gidan. Dafa kafaɗarta, ka rage murya kamar mai yi wa abokin ciniki bayanin takarda.

"Rens, wannan tsakanina da Pa ne."

"To," in ji ta. Ta koma shanya kaya.

Wannan "to" ɗin, babu bayaninsa a ko ɗaya daga littattafan uku.

Mataki na 4: Zaɓi tukunya

Kana bukatar tukunyar baƙin ƙarfe. A rumfa akwai ta Pa, ƙarama, mai tsatsa, ba ta da kwarjini. A kicin kuwa akwai babba mai ƙafa uku, baƙa wuluk, tana sheƙi. Ɗauko wannan. Rungume ta a ciki, ka ratsa tsakar gida a hankali.

Taku bakwai Tertius ya yi, tagar kicin ta buɗe.

"Tertius, ɗana," in ji Ma, da muryar da take karanta addu'ar abinci. "Ina za ka da tukunyar uwata?"

"Aro, Ma. Zan wanke ta tas."

"Tukunyar da dalma ta shiga, abinci ba ya sake shigarta har a tashi duniya. Ƙara taku ɗaya, kai zan dafa a cikinta, da dankali da albasa. Naman birni dama ba ya wuyar nuna."

Juya, ba tare da sauri ba, kamar dama zagayawa ka fito yi da ita ta sha iska.

Yanzu ɗora ta Pa a kan murhun gas, ka juye bokitin nan gaba ɗaya, ka buɗe wuta iyakarta, don namiji ba ya dahuwa da ƙaramar wuta. Dalmar kirki idan ta narke tana kwantawa kamar madubi. Taka za ta yi gudaji-gudaji kamar kunun da aka manta a kan wuta. Juya ta. Zage ta da harshe biyu. Ba za ta zubu ba, tutiya ta ɓata ta duka. Kai ta bayan garken tumaki ka binne, ka ce wa duk wanda ya tambaya gwaji kake yi.

Ranar Laraba da safe za ka tarar da tsohon bututun ruwa na dalma a ƙofar rumfa, an yanyanka shi gunduwa-gunduwa, an kankare, an shanya ya bushe. Kada ka bincika. Gode wa Ubangiji da babbar murya a wajen karin kumallo. Idan matarka ta ce "Amin" tana shafa wa tafin hannunta mai, ka ɗauka tsoron Allah ne.

Mataki na 5: Zuba

Mazubin Pa ƙarfe ne biyu masu haɗewa kamar bakin agwagwa, da mariƙin katako. Cika ludayi, tsiyaya a rami, jira kaɗan, buɗe, harsashi ya faɗo. Yaro ma zai iya, kamar yadda za ka gaya wa kanka sau ɗari da sittin.

Na farko zai fito da tamoji kamar wuyan kunkuru. Na biyu babu gindi. Na goma zai yi kama da haƙorin da aka cire. Jera su a kan tsumma, ka tsaya kana kallonsu hannu a ƙugu, don wanda ke leƙe ta taga ya zaci haka ake so.

Lura ta musamman game da zafi. Rumfar kwano ce, watan Janairu ne, tsakiyar zafinmu, kuma wannan busasshen yankin Karoo ne, inda ko ƙadangare ke neman inuwa kafin ƙarfe goma. Za ka yi gumi. Narkakkiyar dalma ba ta shiri da ruwa ko ɗigo. Don haka sunkuya sosai a kan tukunya ka ga abin da ke damunta.

Ranar Alhamis abin ya faru. Ƙarar ba ta da yawa. Tas! kamar an karya busasshen reshe. Sai ga Tertius a tsakar gida yana tsalle, girar hagu ta tafi, gaban rigarsa ya yi ɗigo-ɗigon azurfa kamar ta mawaƙin biki.

Rensia ta zaunar da shi a bakin baranda tana shafa masa ruwan aloe.

"Saura kaɗan da ido," in ji ta. "Ga tabarau can a rataye, ba ado ba ne. Kuma mazubin sanyi gare shi, shi ya sa suke tamoji. Ka ɗora shi gefen wuta ya yi zafi tukuna."

"Na sani."

"Tertius, ka bari in tsaya kusa da kai. Ba zan taɓa komai ba."

"In Pa ya ga haka fa? Ya ce matata ce ta yi min?"

Ta daɗe tana kallonsa. "I, kam," in ji ta. "Babban abin kunya."

Jira ta shiga ɗaki. Sa tabarau, ɗumama mazubi. Da yamma, a gaban kowa, ka sanar cewa ka gano wani sirri: ashe mazubi yana son zafi. Pa zai ce, "Hmm." Riƙe wannan "hmm" da kyau, shi ne yabo mafi tsawo da za ka samu a gidan.

Ranar Juma'a kana da uku masu santsi. Uku aka ce.

Mataki na 6: Shafa mai

A jikin harsashi akwai zobba, ramuka ne da ake cikawa da mai don dalma ta wuce cikin bututun bindiga ba ta bar kashinta ba. Wasu na saya a gwangwani. A gidanmu wannan zagi ne. Man Tsohuwa kakin zuma ne daga amyar Ma, da kitsen ragon gonar nan, tun zamanin kakan Pa. Kitsen kuwa na gefen ƙoda ne, a narka a tace, fari fat, babu abin da ya taɓa shi.

Wannan aikin rabin yini ne, kai kuma mutum ne mai lissafin lokaci. Buɗe firij. A can ciki akwai kwano cike da daskararren kitse, wanda Ma ke tsiyayewa daga kasko duk lokacin da ta soya wors, naman nan da take niƙawa da kayan yaji ta ɗura a hanji. Na rago ne? Akwai rago a ciki. Na gonar nan ne? Ƙwarai. Gishiri, da kanumfari, da masoro, da ruwan tsami da ke ciki, ɗauke su a matsayin ƙari.

Narka shi da kaki, tsayar da harsasai a murfin gwangwani, zuba har ya rufe zobban, bari ya daskare. Idan karen gida ya zo ya zauna a ƙofar rumfa yana kallonka da ƙauna irin wadda bai taɓa nuna maka ba, alama ce dabbobi sun fara ganin girmanka.

Mataki na 7: Ranar Asabar

Albarushi ba naka ba ne. Pa ne ke aunawa, shi ke ɗura kwanso, ba ya barin kowa kusa. Miƙa masa ukunka da safe, lokacin da hayaƙin gashi ya cika tsakar gida, kowane hanci ya ƙoshi da ƙanshin nama. Zai juya su a tafin hannu, ya dubi inda girarka take a da, ya ɗura.

Mutum arba'in suka bi mu zuwa bayan tafkin siminti, nesa da gida, inda babu ƙanshin komai sai ƙura da kashin tumaki. Faifan garma na lilo a can kamar kwabo. Tertius ya kwanta a kan buhu, ya rufe idon da ba shi ya kamata ya rufe ba, ya ja kunama.

Tsohuwa ta yi tari. Farin hayaƙi ya lulluɓe mu, ƙura ta tashi taku goma hagu da faifai. Sai hayaƙin ya zo da wani abu. Mutane suka fara buɗe hanci. Karnuka huɗu suka taho a guje daga gida.

"Kai!" in ji Oom Gielie. "Wa ya ɗora wors a nan? Sarel, bindigarka girki take yi? Yaro, sake harbawa, na zo da burodi!"

Idan aka yi dariya, ɗaga hannu kamar da gangan ka yi. Sa na biyu. Wannan zai tafi dama, ya kashe wata ƙaya da ba ta yi wa kowa laifi ba.

Pa bai yi dariya ba. Ya karɓi bindigar, ya buɗe ta, ya shinshina. Ya zura ƙaramin yatsa a bakinta, ya fito da shi baƙi, ya ɗora a harshe. 

"Gishiri," in ji Pa. Muryarsa ba ta tashi ba. "Yaƙi biyu ta gani, da fari bakwai, tsatsa ba ta taɓa cikinta ba. Kai kuma ka yi mata gishiri kamar naman da za ka shanya."

"Pa, kitsen gona ne, na rantse..."

"Ba ni na ukun."

Ya karɓa ya sa a aljihu. A nan, bisa ƙa'ida, ka faɗi. Kada ka motsa. Tsaya inda kake, ka bar aure ya yi aikinsa.

Rensia ta ratso mutane da butar tafasasshen ruwa da sandar goge bututu, ta taho da su tun daga gida, don ta ga gurbin cokali a kwanon firij tun da safe. Ba ta nemi izini ba. Ta kifa bakin Tsohuwa ƙasa, ta tsiyaya ruwa har ya fito garau, ta bi da tsumma, ta bi da mai. Sannan ta zaro harsashi ɗaya daga aljihun siket, ɗurarre, mai farin zobba.

"Uku Pa ya ce. Saura ɗaya."

"Wa ya zuba wannan?"

"Ni."

"Wa ya auna albarushin?"

"Ni. Da ma'aunin Pa, yadda Pa ya koya min."

"Namiji na ce, Rensia."

"Sarel," in ji Ma daga ƙarƙashin lema. 

Rensia ba ta kwanta a buhu ba, rigar coci ce a jikinta. Ta durƙusa da gwiwa ɗaya, ta ja numfashi, ta saki rabi. Hayaƙi ya tashi. Sai daga can nesa, bayan ɗan jinkirin nan da ke sa mutum ya fid da rai: ƙwal! Faifan ya juya sau biyu a kan igiyarsa.

Oom Gielie ya cire hula. Pa ya karɓi bindigar daga hannun 'yarsa. Ya dubi Rensia, ya daɗe, har na zaci yau za a ji abin da ba a taɓa ji ba a gonar nan. Leɓensa ya motsa. Sai ya juya.

"Tertius, ɗana," in ji shi. "Gidanka ya ci. Riƙe."

Ka gani? Na ce maka hanyar ba ta kuskure.

Mataki na 8: Karɓi barka

Karɓa da hannu biyu. Yi ɗan jawabi a kan gado, da haƙuri, da sirrin ɗumama mazubi. Gode wa matarka a ƙarshe, bayan fasto da masu gashi, saboda goyon bayan da ta bayar. Kada ka neme ta da ido, ta riga ta ɗauki butarta ta kama hanyar gida, Ma na biye da ita da lema.

Akwai 'yar ƙura ɗaya da ta rage, ta hukuma. Bindiga ba ta barin gona sai da lasisi, lasisi kuma sai mai takardar ƙwarewa, kuma a gidanku mutum ɗaya ne ke da ita tun tana shekara ashirin da ɗaya. Don haka sunanta za a rubuta. Akwatin ƙarfen da za a kulle Tsohuwa a ciki, mabuɗinsa na mai lasisi ne, yana tare da na motarta. Wannan kada ya dame ka. A ofis ka ce ka gaji bindigar surukinka, gaskiya ka faɗa, mutum arba'in sun shaida. Idan baƙi suka so gani, ka ce ana gyara, ko ka jira ta dawo daga aiki ka roƙa da ladabi.

Duk Lahadi bayan coci Pa zai kira. Ba lambarta zai kira ba, taka zai kira.

"Ɗana, ya Tsohuwa? An shafa mata mai? Bututun fa, babu tabo?"

Ka ce, "Pa ya ɗan riƙe." Rufe wayar da tafin hannu, ka leƙa kicin, ka tambaya da raɗa. Za ta amsa ba tare da ta juyo ba. Maimaita abin da ta ce kalma da kalma, da muryarka ta maza.

Pa zai saurara, irin sauraron mai jin muryar wani a bayan ta wani. Sannan ya ce, "Hmm. Ka gaishe ta."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin gira, ido, yatsa, riga, tukunya ko aure ba. Dalma guba ce, narkakkiya kuma ba ta san suruki ba. Duk wanda ya kusance ta saboda abin da ya karanta a nan, shi da likitansa. Idan ka bi matakan nan ka wayi gari kana kwana a kujerar falo, bindiga na ɗaki a kulle, ka tuna gidanka aka yi maka alkawari za ta kwana, kuma tana ciki. Masu ƙorafi su rubuto wa Tertius. Idan bai san amsa ba, ku ɗan riƙe, zai tambayo.